Gidan Bayan Asibiti

Ranar da Yaya Babba ya ce ba zan auri Likita ba, ko ɗago kai bai yi ya dube ni ba. Wayarsa yake latsawa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya a kujerar Baba, wadda tun rasuwarsa babu wanda ya iya zama a kanta sai shi.

"Ki faɗa masa kada ya turo kowa," ya ce. "Wanda zai tsaya a kotu ya ƙaryata ni ba zai zama surukin gidan nan ba."

Ni ce auta, ni kaɗai ce mace a cikin mu uku. Na girma, na yi karatu, ina koyar da 'ya'yan mutane a sakandare, amma a falon gidanmu har gobe ni ce yarinyar da ake aika ta ɗauko ruwa. Na buɗe baki zan yi magana, Umma ta watso min harara daga inda take zaune da carbinta, sai na haɗiye abina. Yaya Ƙarami kuwa kai ya gyaɗa. Tun muna yara ban taɓa jin ya faɗi ra'ayin da ba Yaya Babba ne ya ara masa ba.

Duk wannan rigimar a kan gida ɗaya ce. An raba shagunan Baba da filayensa lafiya lau, kowa ya karɓi rabonsa, ba wanda ya ɗaga murya. Sai da aka zo kan wani tsohon bene da ke bayan babban asibiti, katanga ɗaya da ƙofar da ake fitar da shara, sannan na gane ban san 'yan'uwana ba.

Da can haya Baba yake bayarwa a gidan. Wata rana ya je duba wani abokinsa a asibiti, ya tarar da mata kwance a ƙarƙashin matakala a kan kwali. Daga nesa suka taso jinyar 'yan'uwansu, ba su san kowa a garin ba. Ya dawo gida ya kasa cin abinci. Daga nan duk ɗan hayar da ya tashi ba a sake zuba wani ba. Ya sayi katifu, ya gyara famfo, ya sa aka ɗaura igiyoyin shanya a tsakar gida, ya miƙo min makullai ya ce in kula.

Likita shi ne mai turo mana su. A ɓangaren masu ciwon ƙoda yake aiki, inda jinya ba ta ƙarewa da wuri. Sai ya kira ni ya tambaya ko akwai ɗaki, in ce babu, ya ce in ƙara dubawa, in je in matsa mutane a samu. Daga tambayar ɗaki muka koma tambayar an tashi lafiya, har muka kai inda idan wayata ta yi ƙara na ga ba shi ba ne, sai in ji haushin mai kiran. Baba ya sani. Shi da kansa ya ce masa ya shirya ya turo manyansa.

Matsalar ita ce, Baba yana tsoron riya yadda wasu ke tsoron maciji. Ya hana a kafa allo a ƙofar gidan. Masu jinya da yawa sun zauna sun tafi suna zaton gidan na asibiti ne, shi kuma hakan yake so. Ni da Likita mun yi ta roƙonsa ya je wurin lauya a rubuta. Ya ce idan aka rubuta sai an sa hannu, idan aka sa hannu sai an ji, idan aka ji sai an yaba, shi ke nan lada ya zirare.

"Abin da na ba Allah sai na karɓi rasit?" in ji shi, yana dariya.

Da muka matsa, abu ɗaya ya yarda ya yi. Ya kira amininsa Baba Tela, wanda suka taso tare tun ba su da ko takalmi, ya kira Likita, ya tsaya da ƙafafunsa a tsakar gidan, lafiyarsa ƙalau. Ya ce su shaida ya yi wakafin gidan nan ga masu jinya, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, kuma Auta ce mai kula. Na tambaye shi yayyena fa. Ya ce shi zai faɗa musu da kansa idan ya ga fuska. Gaskiyar magana, Baba da ke iya tsawata wa kasuwa guda, nauyin babban ɗansa yake ji. Bai ga fuskar ba har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a shago da hantsi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Yanzu yayyena sun ce aro ne. Wai Baba ya ara wa bayin Allah ɗakuna don tausayi, mai bayar da aro ya rasu, gida ya koma gado. Ni na ce wakafi ne. Da magana ta ƙi ƙarewa a falo, ni na kai ta kotu, abin da har yau dangi ba su yafe min ba. Gwaggonnina da ba su san lambar wayata ba duk sun nemo ta, kowacce ta kira ta tambaye ni ko a makarantar da na yi ne aka koya min kai yayye ƙara.

*

Baffa ne ya zo da abin da ya kira maslaha. Ɗansa ɗan kwangila ne, kuma shi ya fara nuna wa yayyena darajar da filin bayan asibiti ya yi, har ya kawo zanen wani dogon bene mai shagunan magani a ƙasa da ɗakunan kwana na kuɗi a sama. Baffa ya ce tunda yaron ya daɗe yana sona, a haɗa mu, in janye ƙara, dukiya ta zauna a gida, zumunci ya ɗore. Ni dai ban san ya daɗe yana sona ba sai da aka auna filin.

Ɗan Kwangila ya zo da kansa, turarensa ya riga shi shigowa. Ya yi min alkawarin zai bar wa masu jinya 'yan ɗakuna a baya, kusa da inda za a ajiye janareto. Ya ce har sunan Baba zai sa a rubuta a goshin ginin, da manyan haruffa masu kama wuta, kowa ya gani ya yi masa addu'a. Na dube shi na ce ashe bai san Baba ba. Ya yi murmushi ya ce shi ba ya gaggawa, aikinsa ya koya masa jira.

Bayan tafiyarsa na shiga ɗakin Umma. Tana ninke kayan Baba, waɗanda ta ƙi bari a rabar. Na zauna a ƙasa na dafa gwiwarta.

"Umma, ke fa kin sani. Ya faɗa miki."

Ta shafa wuyan wata riga.

"Ya faɗa min," ta ce. "A nan bakin gadon ya faɗa min."

"To ki faɗa musu. Ki zo ki faɗa wa alƙali."

"In tsaya gaban mutane in ce 'ya'yana maƙaryata ne?" Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Auta, mahaifinku ya yi sadakarsa ya ɓoye, ya tafi ya bar ni da wutar. Niyyarsa Allah ya gani, ladansa ba zai ɓata ba ko an rushe gidan. Ni kuwa idan kuka watse, wa zai haɗa min ku?"

Na ce mata ba ladan Baba ne zai kwana a kan kwali ba. Na ce akwai tsohuwar da ke ɗakin ƙasa, wadda ake yi wa ɗanta wankin ƙoda, ta sayar da komai nata ta taho, idan aka fitar da ita ban san inda za ta nufa ba. Umma ta ce ta sani, har kuka ta yi musu, amma ba su ta haifa ba. Daga nan ta riƙo hannuna ta roƙe ni, ita da ban taɓa jin ta roƙi kowa ba, in haƙura da Likita, in janye ƙarar, in duba maganar Baffa.

"Ba zan miki dole ba," ta ce. "Roƙonki nake yi."

Da dole ta yi min da ya fi min sauƙi, ko ba komai da na samu wanda zan yi fushi da shi. Na kwantar da kaina a cinyarta muka yi ta kuka, kowacce da abin da take yi wa.

*

Lauyata mace ce mai magana a tsaye, ba ta iya lallashi ba. Ana gobe zaman kotu ta kira ni ofishinta, ta rufe ƙofa, ta kashe fankar da ke watsa mata takardu. Ta ce lauyan yayyena ya samu labarin abin da ke tsakanina da Likita, kuma a kansa zai tsaya. Zai ce ni ce mai ƙara, ni ce zan riƙe gidan gaba ɗaya idan an yi nasara, shaidana kuma mutumin da ke shirin aurena ne, likita, wanda babu abin da zai fi masa daɗi irin ya samu bene kyauta a jikin asibiti. Ta ce da mijina ne da ko saurarensa ba za a yi ba, mai neman aure kuma tuhuma za ta lulluɓe maganarsa. Idan aka jefar da tasa, saura Baba Tela shi kaɗai, kuma shaida ɗaya ba zai ɗauki gida ba.

Na ce ai ni asara nake yi. Da gado ne da ina da rabo a ciki, yanzu kuwa ko bulo ɗaya ba nawa ba ne. Ta ce ta sani, amma ba ita ce alƙali ba.

Na tambaye ta ko Likita ya ji wannan. Ta ce tun da safe ta faɗa masa, godiya kawai ya yi mata.

*

Da la'asar na same shi a gidan masu jinya. Tsakar gida cike da shanya, zannuwan gado da ƙananan tawul, mata suna ta wanke kwanukan da za su kai abincin yamma asibiti. Tsohuwar ɗakin ƙasa tana ganinmu ta washe baki ta ce ga ango ga amarya, yaushe za a yi su ma su ci arziki. Kullum haka take mana, kullum Likita sai ya ce mata ita zai fara aura. Yau murmushi kawai ya yi ya wuce.

Muka hau sama muka tsaya a baranda, inda ake hango tagogin ɓangarensa. Ko farar rigarsa bai cire ba. Idanunsa sun yi ja.

Ni na riga shi magana, don yanayinsa ya tsorata ni. Na ce abin mai sauƙi ne. Gobe ya ce babu komai tsakaninmu, ai manya ba su shiga ba, ba a sa rana ba. Mu yi haƙuri a gama shari'a, hankalin kowa ya kwanta, sannan ya turo.

"Gobe alwala za su sa ni in yi, Auta," ya ce. "Alƙur'ani za su miƙo min."

"Ai ba ƙarya za ka yi ba. Babu abin da aka tsayar."

"Ni na tsayar. Ke ma kin tsayar." Ya juyo ya dube ni. "Idan na ce babu, alhali a zuciyata ina jiran ranar da zan dawo, a kan me na rantse? Gidan da mahaifinki ya ƙi yarda a sa sunansa don kada ya gurɓata, shi zan tsayar da rantsuwar ƙarya?"

"To ka faɗi gaskiya. Ka ce kana sona, kuma ka ji abin da Baba ya ce. Duka biyun gaskiya ne."

"Gaskiya ne. Amma ɗaya za su ɗauka su kashe ɗayar da ita."

Na ce to kada ya je. Na ce a rushe gidan, a gina musu shagunansu, ni na gaji. Da bakina na faɗa, a saman kan matan da ke wanke kwanuka, kuma a wannan lokacin har zuciyata nake nufi. Na ce ni ma mutum ce, ban taɓa neman komai don kaina ba sai shi. Baba ya samu ladansa, Umma za ta samu 'ya'yanta, yayyena za su samu benensu ko su samu fushinsu, ni kaɗai ce za a tashi ba ni da komai.

Ya bar ni na yi kukana har na gaji. Bai matso ba, sai dai na ga yadda ya damƙe ƙarfen barandar.

"Ya ce mu shaida, na ce na shaida," ya ce a hankali. "Ba ke na yi wa alkawarin nan ba, balle ki yafe min shi. Kuma na san inda mutanen nan suke kwana kafin gidan nan. Ni nake tsallake su idan zan shiga aiki."

"Ni fa?"

"Ke ce ban san yadda zan yi ba."

Na tambaye shi ko bayan shekaru, idan komai ya wuce, an manta. Ya girgiza kai. Ya ce ranar da aka ɗaura mana aure, a ranar Yaya Babba zai koma kotu ya ce ga shi nan, dama haɗin baki ne, a warware hukunci. Ko bai yi nasara ba, a bakin duniya sadakar Baba ta zama gidan da aka ƙwace da dabara. Ya ce abin da ya kawo shi ke nan. Yana so ya faɗa min yau, ido da ido, don gobe idan ya buɗe baki a gaban alƙali ya zamana gaskiya yake faɗa.

"Na janye, Auta. Ba don na daina sonki ba. Ki yafe min."

"Idan kuma duk da haka aka kayar da mu fa?"

"Zai iya faruwa."

Ko ƙaryar lallashi bai iya yi min ba, kuma abin haushin shi ne don wannan halin nake sonsa. Wayarsa ta yi ƙara, ana nemansa a wurin aiki. Ya tsaya kamar zai ƙara wata magana, sai ya juya ya sauka. Na ji tsohuwar tana tambayarsa jikin ɗanta, na ji yana amsa mata da muryarsa ta aiki, a natse, kamar ba yanzu ya gama da ni ba.

*

Kotun wani ƙaramin ɗaki ne mai dogayen benci da tagogi masu ƙarfe. Yayyena suna gefe guda tare da Baffa. Umma ba ta zo ba. Wasu daga cikin masu jinya sun biyo ni sun zauna a baya, duk da na ce kada su bar marasa lafiyarsu.

Likita ya yi alwala ya dawo, ya karɓi Alƙur'ani, ya faɗi abin da ya ji daga bakin Baba yadda ya ji shi, har da inda kowa ya tsaya. Ya ce Baba da lafiyarsa da hankalinsa ya yi maganar, kuma a matsayinsa na likita yake faɗa. Alƙali yana saurare yana rubutu. Sai lauyan yayyena ya miƙe yana gyara rigarsa, da fara'ar wanda ya san abin da ya taka.

"Akwai maganar aure tsakaninka da mai ƙara?"

"An yi. Yanzu babu."

"Tun yaushe babu?"

"Tun jiya."

Lauyan ya juyo ya dubi mutane don su taya shi dariya.

"Wato an jingine ta, sai an gama shari'a a ɗauko."

"Ba za a ɗauko ba."

"Har abada? Ka tuna abin da ke hannunka."

Likita ya dubi Alƙur'anin da ke hannunsa. Kafin ya amsa na roƙi Allah ya sa ya kasa, duk da na san abin da kasawarsa za ta jawo wa matan da ke zaune a bayana.

"Na tuna," ya ce. "Har abada."

Yaya Babba ya ajiye wayarsa ya zuba masa ido. Alƙali ya daɗe yana kallon Likita, sannan ya ce ya karɓi shaidar, zai haɗa ta da ta biyu ya duba. Likita ya mayar da Alƙur'anin da hannu biyu, ya fita ta ƙofar gefe ya koma wurin marasa lafiyarsa.

Lauyata ta matso ta raɗa min cewa rabin aiki ya yi, saura Baba Tela ya faɗi tasa. Ta ce na kyauta da na aika aka ɗauko shi da wuri, don motar da ta tura ta je iyalansa suka ce an riga an tafi da shi.

Na ce mata ni ban aika kowa ba.

Alƙali ya ce a shigo da shaida na biyu. Ƙofa ta buɗe. Baba Tela, wanda ƙafafunsa suka daɗe da daina ɗaukarsa, ya shigo a kan sabon keken guragu, ko ledar jikinsa ba a cire ba, sanye da sabuwar riga wadda ba ɗinkinsa ba ce. Mai tura shi Ɗan Kwangila ne, yana sunkuyawa yana gyara masa hula kamar shi ya haife shi. Suka zo wucewa ta gabana, na miƙe na rusuna.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya," ya ce, idonsa a kan sabon takalminsa.